Likkafanin Yaya Ilu da Karen Allis

Fitowa daga Misfala

Ranar Alhamis ɗin ban jira kowa ya tashe ni ba. Tun kafin kiran sallar farko na yi wanka, na sa farar rigata wadda na goge da hannuna, na zauna a bakin katifa ina kallon jakar da matata Hajara ta haɗa mini. Ku mutanen gida da kuka dame ni a waya sai na ba ku labarin zuwana Allis, to ga shi, amma ku sani har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Wanda bai san ni ba, ni ne Sule, mai wanki da guga a wani shago da ke Misfala, kudu da Harami. Farin kaya shi ne sana'ata: haramin alhazai, fararen riguna, zannuwan gadon masaukai. Yayana Ilu kuwa, wanda muke ciki ɗaya, gadi yake yi a wani fili da ake ajiye jiragen kamun kifi a Allis, garin masunta a bakin Bahar Maliya. Tun da matarsa Hadiza ta rasu bai sake tako Makka ba. Yanar ido ta kama shi, kuma sau biyu ina samo masa ranar ganin likita yana ƙin zuwa. Wannan karon ranar ta faɗo Lahadi, an kuma ja mini kunne a asibitin cewa in ya sake saɓawa wani za a ba gurbin. Ga ido kullum ƙara rufewa yake yi.

Ana haka sai ga kiransa. Na ce to, Allah ya sa ya sauko. Ashe aike zai yi mini: in sayo alawayyo, in jiƙa shi da Zamzam, in shanya, in kai masa, wai yana son likkafaninsa a kusa da shi. Kun san yadda mutanenmu ke yi, alhaji ya tsoma farin yadi a Zamzam ya tafi da shi gida ya adana don ranar da babu makawa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Amma mutum ya ƙi likita ya nemi likkafani, abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Duk da haka na yi abin da ya ce, tunda gaba yake da ni. Na bi layi na ciko galan, na samo sabon baho na jiƙa yadin, na hau saman gida na tsaya a kansa har ya bushe don kada tantabarun Makka su ɓata shi. Na ninke shi yadda ko a shago ban taɓa ninke kayan wani ba. A raina dai na ƙudurta zan kai likkafanin, amma da mai shi zan dawo.

Hajara, Allah ya saka mata, ta sa yadin a ƙasan jaka, ta ɗora masa ƙunshin kilishin da wani alhaji ya kawo mana tsaraba, wai Yaya Ilu ya daɗe bai ci ba. A gabana ta yi, a lokacin kuma ban ga aibun hakan ba.

Muna idar da asuba na ɗauki jakar da sauran Zamzam ɗin da ke galan, na fito bakin titi. Masu umara na ta dawowa daga Harami a ƙasa, wasu ɗauke da takalmansu a hannu. Na samu tasi, amma saboda rushe-rushen faɗaɗa Harami titin da na sani an toshe shi, sai da muka sha zagaye kafin mu miƙe kudu.

Ka'akiyya da hanya

A bakin kasuwar Ka'akiyya na tarar da motar da zan bi. Ta kifi ce, mai ɗakin ƙanƙara a baya, tana tafiya babu kaya don ta yi lodi a Allis. Mai ita Bakur, magidanci ne haifaffen unguwar Tandabawi a nan Makka, kakanninsa ne suka zo daga ƙasar Kano. Hausarsa rabi da rabi ce, ya fara zance da Hausa ya ƙarasa da Larabci, amma mutum ne mai kirki, kuma duk zuwansa sai ya leƙa Yaya Ilu. Ina buɗe ƙofar motar ƙarnin kifi ya tarye ni. Na shimfiɗa jarida a kan kujera kafin in zauna, shi kuma yana ta yi mini dariya.

Ba mu ko fita daga gari ba ya dubi ƙafata ya ce in kula da takalman nan in mun isa, don Mudiru ba ya ƙyale sabon takalmi. Ya ce Mudiru kare ne, masunta suka sa masa sunan, wato manaja, saboda babu jirgin da zai dawo bai hau ya duba abin da aka kamo ba. Na tambaye shi karen wa. Ya ce na Baba Ilu mana.

Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Yaya Ilu, ɗan Malam Isiyaku limamin unguwarmu, mutumin da in kare ya gifta ta ƙofar gidanmu muna yara sai ya sa ni na share wurin, shi ne yau da kare? Bakur ya ce ai karen gadi ne, mai filin ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, amma ba ya jin maganar kowa sai ta tsohon, shi ma sai ya ga dama. Na zauna ina ta cika ina batsewa.

A shingen jami'an tsaro da ke bayan gari aka tsayar da mu. Wani matashin jami'i ya karɓi igamata, katin zama ke nan, ya duba ya mayar, sannan ya ce in buɗe jaka. Yana ganin farin yadi a ninke ya sassauta murya ya yi mini ta'aziyya, ya roƙa wa mamacin rahama. Na ce masa mai kayan yana nan da ransa, wurinsa ma za ni. Ya dube ni, ya dubi Bakur, ya ɗaga mana hannu mu wuce.

Daga nan duwatsun Makka suka fara raguwa, fili ya buɗe, sai yashi da 'yan ƙayoyi da raƙuma jefi-jefi. Mun karya a wani gidan mai da burodin tanda mai zafi da dafaffen wake da shayi mai madara. Gaba kaɗan muka wuce Yalamlam, miƙatin da masu zuwa Makka daga kudu ke ɗaura harami. Motocin safa cike da mutane cikin fararen kaya, ni kuma ido na sana'a, ina ta lura da waɗanda nasu bai ga dutsen guga ba. Tsakanin Makka da Allis bai kai kilomita ɗari biyu ba, hantsi bai gama ɗagawa ba muka fara jin iskar teku.

Allis, ranar farko

Zafin Makka busasshe ne, na Allis kuwa jiƙaƙƙe, kana fitowa daga mota riga ta manne maka a baya. Bakur ya sauke ni a ƙofar filin. Jirage a kife, taruna a shanye, can gefe ɗaki ɗaya na bulo da rumfar kwano a gabansa. Yaya Ilu na zaune a benci ƙarƙashin rumfar. Na yi sallama ya amsa da sunana, ya miƙo hannu, amma gefen da ba na nan ya miƙa shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari tas. Na kamo hannun na durƙusa na gaishe shi, zuciyata duk ta karye.

Ban gama gaisuwar ba na ji ana sunsuna mini dunduniya. Na waiwaya, sai ga ja'irin. Ja-ja ne, dogo, kunne ɗaya baƙi a tsaye, ɗaya a kwance, yana kallona ido cikin ido babu ko kunya. Na yi tsalle na tattare rigata. Yaya Ilu ya ce in kwantar da hankalina, Mudiru ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban, wurin kwanansa daban, iyakarsa rumfa. Na yarda da maganar babba, na tuɓe takalmina a bakin ƙofa na shiga ajiye jaka. Da na fito, ƙafa ɗaya na tarar. Sabon takalmin fata ne, Hajara ta saya mini da ƙaramar Salla. Na zagaye filin nan kaf ban gan shi ba, shi kuma ɓarawon yana kwance a inuwar jirgi yana hamma. A ƙarshe wani Bayamane mai suna Abdu, masunci, ya ara mini silifa na roba.

Bayan azahar masunta suka taru gaishe ni. Da suka ji da Zamzam na zo, Yaya Ilu ya ce a kawo kofi. Ya sha, ya shafa a idanunsa, sannan ya sa aka bi kowa da shi, Yamanawa da 'yan Bangaladash da wani tsoho Basudane, har galan ya ƙare ƙarƙaf. Abdu ya kawo mana shinkafa da soyayyen kifi, irin wadda suke dafawa da albasa har ta yi duhu. Gaskiya ta yi daɗi, sai dai da hannu ɗaya na ci, ɗayan yana riƙe da sandar korar Mudiru.

A wurin cin abincin nan na ji tarihin Mudiru, kowa da nasa ƙorafin. Abdu ya ce kifin da ya fi kowanne girma a kwandonsa shi karen ke zaɓa, ba ya taɓa ƙanana. Wani ya ce ya taɓa kwance masa igiyar jirgi da haƙori, sai da aka bi jirgin da iyo. An daina barin takalma a ƙofar masallacin bakin ruwa, kowa a leda yake shiga da nasa, tun ranar da ladan ya koma gida ba takalmi. Abin da ya fi ba ni haushi, suna faɗa suna dariya, shi kuma Yaya Ilu yana ba da haƙuri yana murmushi kamar uban da ɗansa ya ci jarrabawa. Ya ƙara da nasa, wai kullum da sassafe sai karen ya ɗauke masa takalmin hagu, ya tsaya nesa kaɗan yana jira ya biyo shi.

Da la'asar sakaliya, bayan kowa ya watse, na fito masa da maganar da ta kawo ni. Na ce Lahadi ce ranar likita, Bakur zai koma jibi, mai filin ma na yi magana da shi a waya ya ba shi hutu. Ya ce ba za shi ba. Na ce aikin ba wuya, tsofaffin da suka girme shi an yi musu sun warke. Ya ce shi ya gama ganin abin da zai gani a duniya. Na ce to ko mutuwar ce yake jira, ai gara ya zo ya jira ta a Makka, a sallace shi a Harami. Ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Sai da na matsa masa sannan ya faɗi gaskiya: in ya tafi, wa zai kula da Mudiru? Wai ranar da ya taɓa yini a kasuwa karen ƙin cin abinci ya yi, ya zauna ya tauna tarun mutane.

Jama'a, ku ji fa. Ina kiran mutum zuwa maƙwabtakar ɗakin Allah, yana kawo mini uzurin kare. Na tashi na bar masa rumfar don kada bakina ya yi abin da zan yi nadama.

Allis, ranar Juma'a

Da safe ya ce in fito masa da saƙonsa waje, don a ɗaki ba ya ganin komai. Na ɗauko yadin na ɗora masa a cinya. Ya shafa, ya auna da kamu, ya kai hanci ya ce har da ƙanshin kilishi. A nan ne ya kamata in farga, amma ina, na juya na shiga ɗauko butar shayi.

Ban fi taku uku ba na ji Yaya Ilu na cewa, “Kai, Mudiru, saki.” Na fito a guje. Karen ya cafki gefen yadin, daidai inda man kilishi ya taɓa, ya zura da gudu. Yadin nan ya warware yana binsa a baya, dogo, fari sol, abin da na tsaya a rana ina kora wa tantabaru. Ya ratsa ta ƙarƙashin jirgi, ya bi ta inda ake zubar da baƙin man inji, ya nufi bakin ruwa. Ruwan kuwa ya janye, sai taɓo mai warin kayan cikin kifi. Na bi shi da silifar aro ina ƙwala masa duk zagin da na sani, na Hausa da na Larabci. Masunta suka bar tarunansu suka miƙe suna kallo, babu wanda ya taimaka, wani ma waya ya ɗaga yana ɗauka.

In na kusa, sai ya tsaya ya jira ni, wutsiya na kaɗawa, ina miƙa hannu ya ƙara gaba. Wasa ya ɗauke ni, ni da furfurata. Da ƙyar na take ƙarshen yadin na damƙe. Na ja, ya ja, na turje na ja da iya ƙarfina. Sai ji na yi kyaaat, yadin ya rabe biyu, ni kuma na zauna daɓas a cikin taɓo da farar rigata. Shi kuwa ya saki nasa rabin, ya sunsuna, ya ga babu nama a ciki, ya yi tafiyarsa.

Da rigar Yaya Ilu na je Juma'a, hannunta bai ko kai mini wuyan hannu ba. Muna dawowa na aro baho na zauna bakin tankin ruwa. Abin da kare ya sa wa baki kun san yadda aka koya mana, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Na yi su cif, kowane rabi daban, na ƙara da sabulu da ruwan zafi. Taɓo ya fita, ƙarni ya fita, amma baƙin man nan ya zauna a ɗaya rabin, faɗinsa ya fi tafin hannu, ga hudar haƙora a gefe. Ina matse na ƙarshe sai abin ya faɗo mini a rai: yadin ya tsarkaka, amma Zamzam ɗin da na jiƙa shi da shi ya bi ruwan wanki. Yanzu alawayyo ne kawai irin na kasuwa. Na dubi galan, ga shi can a kife, jiya aka shanye.

Nan idona ya rufe. Na gaya wa Yaya Ilu cewa ni na gama, ba zan sake bin layi ba, ba zan sake hawa saman gida ba, in yana son likkafanin Zamzam ya tashi da ƙafarsa ya je ya jiƙa abinsa. Na rarumi wani guntun katako na nufi inda karen ke kwance. Ban san yadda aka yi ya gane ba, sai ji na yi ya kira sunana da muryar da yake kirana da ita muna yara, ya ce in ajiye.

“Sule, da Hadiza ta rasu, in na dawo daga asuba kwanciya nake yi, ba na son in ga gari ya waye. Wannan ɗan banzan ne ya fara sace mini takalmi, dole in tashi in bi shi. In na bi shi sai in ga mutane, a gaisa, a ba ni shayi. Ba don shi ba da tuni ka kawo yadin nan ba ni na aike ka ba.”

Na ajiye katakon. Haushina dai bai tafi ba. Na ɗauko rabin yadin mai tabon na baza masa a gaban fuska, rana tsaka, na tambaye shi ko ya fita. Ya matso da ido har hancinsa na taɓa yadin, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, “Fari fat. Ai na san hannunka.”

Tabon yana daidai saitin idonsa. Na ce, “Yaya, akwai baƙin mai a nan wanda ya fi tafin hannuna. Ko likkafaninka ba ka gani.”

Ya kama shafa hudar haƙoran da yatsa. Na ɗauka kuka zai yi. Can sai ya tambaye ni, wai shi Mudirun nan wane launi ne. Ashe tun da aka kawo karen idon ya riga ya dushe, inuwarsa kawai yake gani. Abdu ya ce masa ja ne, Basudanen ya ce ruwan ƙasa. Na gaya masa ja-ja ne, kunne ɗaya baƙi a tsaye ɗaya a kwance, mummuna kamar halinsa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “To zan bi ka. Ina so in ga fuskar ɓarawon nan.”

Ku auna wannan don Allah. Na roƙe shi don lafiyarsa ya ƙi, na roƙe shi don 'ya'yana da ke tambayarsa ya ƙi, na kawo masa Harami ya ƙi. Kare ya yarda ya je ya gani. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba, amma farin cikin da haushi ya cakuɗe.

Komawa ta Yalamlam

Asabar da safe Bakur ya gama lodi ya zo. Abdu, wanda aka fi yi wa sata, shi ya karɓi riƙon karen, yana ƙunƙuni yana ɗaure shi a inuwar jirginsa. Yaya Ilu ya laluba ya tsuguna a gabansa ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, sannan ya cire takalminsa na hagu ya ajiye masa, wai don ya san zai dawo. Haka na tuɓe wa Yaya Ilu silifar aro, ni kuma Bakur ya ba ni wasu tsofaffin takalman roba masu ƙarnin kifi. Muna fita daga filin karen na haushi, tsohon kuma ya juya kai yana saurare har muka yi nisa.

Mu uku a gaban mota, ni a tsakiya. Da muka kusa Yalamlam Yaya Ilu ya ce a tsaya, shi ba zai shiga Makka haka kawai ba bayan wannan daɗewa, umara zai yi. Bakur ya ce ƙanƙararsa na narkewa, amma ya tsaya. Na ce to bari in sayo masa harami, ga masu sayarwa nan birjik. Ya ce a'a, yana da nasa, in buɗe jaka.

Na buɗe baki zan yi musu, sai na dubi abin da ke hannuna. Farin yadi ne, babu ɗinki, ƙyalle biyu, wankakke tas. Kuma sai na faɗi gaskiya ko da ba na so: ja'irin karen nan kusan a tsakiya ya raba shi. Yaya Ilu ya yi wanka, na ninka masa kowane rabi biyu don kauri, na ɗaura masa ɗaya a ƙugu na cusa hudar haƙoran ciki, na yafa masa ɗayan. Tabon man kuwa duk yadda na juya shi sai ya fito a kafaɗa. Ni da ake kawo wa haramin manyan mutane, ga yayana cikin harami mai tabo. Ya yi niyya, muka koma mota, ya kama talbiyya da muryarsa mai rawa, Bakur na taya shi, kifi na bayanmu. Yadin da na ɗauko don a naɗe shi a kwance, ga shi a jikinsa a zaune yana nufar Makka. Na juya fuska wajen taga na share idona da hannun riga.

A shingen shiga gari na so a ce jami'in shekaranjiya ne, in nuna masa mai likkafanin, amma wani ne daban, ya duba katunanmu kawai ya ce mu wuce.

Isowa gida

Bakur ya sauke mu a Ka'akiyya ya ruga da kifinsa, muka hau tasi zuwa Misfala. Hajara na ganin haramin ta gane yadin, ta dube ni, na ce ta bari sai an jima, akwai maganar kilishi a tsakaninmu. Bayan la'asar na riƙe hannunsa muka gangara Harami, na yi masa jagora ya yi ɗawafi da sa'ayi a hankali, muna hutawa. Ya ce Ka'abar baƙin abu kawai yake gani a tsakiyar haske.

Lahadi muka ga likita, bayan 'yan kwanaki aka yi masa aikin ido ɗaya. Ranar da aka cire bandeji ya ƙare wa 'ya'yana kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce Hajara ta tsufa, ni kuma na yi tumbi. Na mayar da shi Harami, ya tsaya gaban Ka'aba ya yi kuka sosai. Da muka dawo gida ya ga haraminsa rataye a ƙusa, ya ɗaga ya dubi tabon, ya tambaye ni ko da wannan wankin nake cika baki a Misfala. Daga nan ya tambayi ranar da Bakur zai koma Allis.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma buɗe wa yayana ido. Na gode wa Bakur da ya bar ƙanƙararsa na narkewa, da Abdu mai silifa, da likitocin da suka yi aikin. Mudiru kuwa ba ya cikin godiyata, takalmina har yau ba a gan shi ba.

Shekaranjiya Yaya Ilu ya kira ni daga Allis. Ya ce ya ga karen, kuma na rage masa, ya fi yadda na faɗa muni. Ya ce in tambayo masa ranar da za a yi ɗaya idon, in kuma samo ƙasusuwa a mahautar Ka'akiyya in ba Bakur ya taho da su. Na tsaya da waya a kunne ina jira ko akwai sauran aike. Bai ce komai a kan likkafani ba.